Hannuna Ya Kumbura Bayan Aikin Nono, Kowa a Gida Ya Kama Nasa Mai Laifi

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mace ce ƴar shekara 46, ina zaune a Maraɗi, ƴaƴana biyar. Shekara biyu da suka wuce aka gano ina da sankarar nono. Aka cire mini na hagu, aka kuma kwashe wani abu a hammatata. Na sha shimiyo, wato maganin sankara mai ƙarfi na asibiti, na je Yamai aka yi mini gashi da na'ura, na dawo lafiya har na koma sana'ata ta ƙuli-ƙuli. Da bazarar bana sai na ji zobe ya matse ni, hannun ya yi nauyi. Da farko in na kwana kumburin yakan sace, yanzu kuwa kaɗan yake raguwa, hannun rigata ma ba ya shiga. Uwar mijina ta ce hannu aka sa mini, tana zargin abokiyar zamana, alhali ita ta riƙe mini yara ina Yamai. Har ta yi wa wanzami magana ya zo ya yi mini ƙaho. Maigida ya ce likita ne ya ɓata aikin, ba zai ƙara kashe ko dala a asibiti ba, don gona ya sayar wancan karon. Ni kuma gani nake laifina ne, na koma matsar tunkuza da wuri. Na sayi maganin fitsari wurin masu talla, ba canji. Ba na barci, ina tsoron ciwon ne ya dawo. Yaya zan yi?

Wata ƴar'uwa, Maraɗi

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Sau biyu na karanta wasiƙarki. Inna, uwar mijinki, ta kama amarya abokiyar zamanki, maigida ya kama likita, ke kin kama kanki, shi kuwa hannun an bar shi yana ta cika, ba wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke faruwa a cikinsa. To, mu tambaya tare.

Amma bari in fara da abin da ke hana ki barci. Yadda kika ba da labarin nan, nauyi da farko, zobe ya matse, kumburi mai sacewa da safe ya dawo da yamma, a hannun ɓangaren da aka yi wa aiki, ya yi kama ƙwarai da abin da likitoci ke kira limfedima, wato taruwar ruwan jiki saboda an taɓa hanyarsa. Abu ne sananne: cikin mata biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata saboda sankarar nono, kusan ɗaya takan gamu da shi. Shi kansa ba daji ba ne. Sai dai ba zan rufe ki ba, akwai abu biyu da kan kumbura hannu kamar haka, gudan jini da ya toshe babbar jijiya, ko ciwon ya sake tsirowa a hammata ya danne hanya. Ba a raba su da ido a tsakar gida. Sai likita ya taɓa hammata da gindin wuya da ƙirji, in ya ga da buƙata ya sa a yi eko, wato hoton cikin jiki da na'ura. Ki je cikin makon nan, da duk takardunki na aiki da na gashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki gaya masa har maganin tallar da kike sha, ki kai masa kwalin ya gani.

Yanzu abin da aka kwashe miki a hammata. Kin san shi, kaluluwa ce. Irin wadda ke tasowa a gindin cinyar yaro in ya ji ciwo a ƙafa. Mu mun ɗauka ciwo ce mai zuwa ta tafi, alhali tana nan kullum, kumburinta kawai muke gani. Jikin mutum yana da ɗaruruwansu, a hammata ɗaya kaɗai akwai 20 zuwa 40.

Ga aikinsu. Jini yana shiga hannu ta jijiyoyi, suna rarrabuwa har su zama sirara fiye da gashin kai. A nan ne ruwa ke tsattsafowa daga jini ya jiƙa nama, ya kai masa abinci. In kin taɓa ƙonewa wurin tuya, wurin ya yi bororo, kin ga irin ruwan nan garai-garai a ciki. Tare da ruwan akwai furotin, wani sinadari ne na cikin jini, wanda in ya fita daga jijiyar jini ba ya iya komawa ta inda ya fito. Saboda haka Allah Ya shimfiɗa wasu hanyoyi daban, ƴan sirara, masu kwashe wannan ruwa da furotin ɗin da duk wata ƙwayar cuta da ta ɓuya a ciki. A jiki gaba ɗaya, lita 2 zuwa 4 suke mayarwa cikin jini kowace rana. Jini yana da zuciya mai tura shi. Su waɗannan hanyoyi ba su da ita. Da kansu suke matsewa suna sakewa, gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƴar ƙofarta mai hana ruwa komawa baya, sannan motsin tsoka da numfashi suna taimaka musu. Duk ruwan hannunki na hagu, daga yatsu har kafaɗa, da na nono da na wannan gefen ƙirji, kusan duka ta hammata yake bi. Kaluluwa ta tace shi kamar rariya, dakarun jiki da ke cikinta su kashe abin da ya kamata a kashe, sannan ya wuce ya zuba a babbar jijiya a gindin wuya.

Matsalar ita ce sankarar nono ma wannan hanya take fara bi in za ta yaɗu. Shi ya sa likita ke kwashe kaluluwar hammata, sau da yawa goma ko fiye, kuma ba yadda za a ɗauke su ba tare da an yanke hanyoyin da ke shiga cikinsu da masu fita ba. Ki ɗauki unguwarku ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. Kowane lungu yana zuba a babbar kwata, ita kuma ta gangara Gulbi. In aka cike babbar kwatar da ƙasa, sama ba za ta fasa ruwa ba, ruwan zai nemi ƙananan lunguna ya bi, abin da suka kasa ɗauka ya kwanta a ƙofar gidajen mutane.

Na san tambayar da Inna za ta yi, kuma tambaya ce mai kyau: in aikin ne, me ya sa bai kumbura tun a lokacin ba, sai bayan fiye da shekara? Saboda ƙananan lungunan nan sun yi ta ɗauka. Hanyoyin da suka tsira, da wasu da ke zagayawa ta saman kafaɗa, suka karɓi kayan da ya fi ƙarfinsu, dare da rana. A hankali bangonsu ya yi kauri, ƙofofinsu suka saki, matsewarsu ta yi rauni. Gashin da aka yi miki kuma, wanda ya ƙone ragowar ciwon, yana barin tabo a cikin nama, tabon da ke ci gaba da tauri watanni har shekaru bayan an gama, yana shaƙe hanyoyin da wuƙa ba ta taɓa ba. Shi ya sa wadda aka haɗa wa aiki da gashin na'ura a hammata ta fi shiga haɗari. Ƙiba ma tana ƙara shi. Daga nan abu kaɗan ya isa ya cika mudu. Ba banza ba kika fara gani da bazara: in zafi ya haura digiri 40, jijiyoyin fata suna buɗewa, ruwan da ke tsattsafowa ya ƙaru, ga ki kuma a bakin wuta. Yawancin masu wannan kumburi cikin shekara uku na farko suke ganinsa, wasu kuwa sai an daɗe. Mu ma a ƙasar nan sai yanzu muke sabawa da shi, don kafin 2021 ba a yin gashin na'ura a Nijar, sai an fita waje. Matan da suka rayu bayan sankara suna ƙaruwa, irin hannunki ma za a ƙara gani.

Akwai abin da nake so ki riƙe da kyau, shi ne dalilin da ya sa nake gaggauta ki. Ruwan nan ba ya zama ruwa har abada. Furotin da ya kwanta yana jawo ƙarin ruwa ya riƙe, jiki kuma yana ɗaukar wurin kamar rauni ne da ya ƙi warkewa. Sai dakarunsa su taru, su yi ta saƙa tabo a ƙarƙashin fata, kitse ya yi ta taruwa a wurin. Da farko hannu yana da laushi, in kin danna da babban yatsa sai ya lotsa, in kin ɗaga shi ya kwana sai ya sace. In aka bar shi, sai ya daina lotsawa, ya daina sacewa, don abin da ke ciki ya koma nama. Can ƙarshe fata ta yi kauri da kirci irin na mai tundurmi. Tundurmi ma ai toshewar waɗannan hanyoyi ce, sai dai shi wata tsutsa ce da sauro ke sa wa mutum take ɓata su. Naki ba shi ba ne, kuma ba a ɗauka, kowa ya ci abinci da ke hankali kwance. Kin ce naki har yanzu yana ɗan raguwa da safe. Wannan albishir ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga nan za ki gane abin da ya sa maganin fitsari bai yi komai ba. Shi daga jini yake janye ruwa ta ƙoda, furotin da ke kwance a hannu ko gezau. Abin da za ki samu kawai jiri, da bushewar jiki, da zubar gishirin da zuciya ke buƙata. Ki aje shi, in ba likita ne ya rubuta miki saboda wani ciwo daban ba.

Maganar wanzami kuwa, a nan ba zan sassauta ba: kada reza, ko aska, ko ƙaho, ko sakiya ta taɓa hannun nan. Ruwan ba a jaka guda yake ba kamar ƙurji da za a huda ya fashe. A cikin nama yake ko'ina, kamar katifar da ruwa ya jiƙa. In an tsaga, zai yi ta tsiyaya kwanaki, raunin ya ƙi rufewa, hannun ya sake cika. Ga babbar illar: ruwa ne mai maiƙo da ƙwayoyin cuta ke so, masu gadin wurin kuma an kwashe su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cuta in ta shiga irin wannan hannu, cikin yini guda takan bazu, ta iya shiga jini, kuma duk sanda ta kama ta saki sai ta lalata wasu daga ƴan hanyoyin da suka rage. Haka ruwan zafi da gasawa da tsumma, su ma ƙara kumburi suke.

Ban ga baiken Inna ƙwarai ba. Tsohuwa ta ga surukarta ta tsallake rijiya, sai ga wani abu ya ɓullo ba dalili a idonta, ta ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiyarta, akwai dalili, ba dai wanda ta zata ba. Kada ki yi musu da ita gaba da gaba, ba huruminki ba ne, kuma ba za ki ci ba. Ɗanta ne zai gaya mata likita ya hana ƙarfe. Ke kuma ki ba ta aiki, don mai son taimako in an hana shi wata ƙofa sai an buɗe masa wata. Ta yi miki addu'a, ta yi tofi, ta riƙa shafa miki man kaɗanya da yamma. In za ta yarda ta raka ki asibiti ta ji da kunnenta, ya fi komai.

Wadda aka zalunta a labarin nan amarya ce. Mace ta riƙe miki ƴaƴa biyar kina nesa da gida fiye da kilomita 600, ladanta ya zama zargin sammu. Ko ba a faɗa a gabanta ba, ta ji, gida ba ya ɓoye irin wannan. Shirunki zai iya zama mata kamar kin yarda. Ki shiga ɗakinta da ƙafarki, ki ce mata ke ba ki zarge ta ba, ba za ki taɓa zarginta ba, ki gode mata. Ki ma nuna mata abin da na rubuta a kan hammata. Za ki buƙace ta nan gaba wurin ɗaurin hannu, don mutum ba ya naɗe hannunsa da hannu ɗaya yadda ya kamata.

Shi maigida, fushin da yake yi da likita ina jin tsoro ne ya sa masa riga. Mutumin da ya sayar da gona ba mai ƙin ki ba ne, gani yake za a sake wancan zagaye, gonar kuma babu. Ki same shi shi kaɗai, lokacin da ya huta, ki fara da godiya. Sannan ki fahimtar da shi abu biyu. Kwashe kaluluwa yana cikin aikin, da an bar ta da ciwo a ciki, da wata maganar ake yanzu, kuma kumburin nan yana samun matan da aka yi wa aiki a manyan asibitocin Faransa da Amurka. Na biyu, abin da ake nema yanzu dubawa ce, da bandeji, da koyo, bai kama ƙafar kuɗin shimiyo ba. Mai tsadar shi ne a bari hannun ya kamu a kwantar da ke. In ya kafe, ki sa yayanki ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ya yi masa magana, ke kuma ki nemi izinin fita kawai, ki biya kuɗin ganin likita daga adashinki.

Saura ke. Matsar tunkuza ba ita ta yanke miki hanyoyi ba, tun a ɗakin aiki aka yanke su don a ceci ranki. Iyakarta ta fito da abin da ke tafe. Da can likitoci kan ce wa mata kada su ɗauki komai da hannun, sai wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 2009 ya nuna cewa masu wannan kumburi da suka riƙa ɗaga nauyi kaɗan-kaɗan, suna ƙarawa a hankali, sanye da safar hannu mai matsi, hannunsu bai ƙara kumbura ba, tashin ciwon ma ya ragu. Hannun da aka rataye ba ya motsi shi ne ruwa ke kwanciya a ciki. Don haka ba zan ce ki bar sana'arki ba. Ki dai sake rabon aikin: matsa mai ƙarfi da tsayuwa kan kaskon mai ki ba ƴarki babba ko ki ɗauki mai taya ki, ke ki riƙe murzawa da awo da ciniki, a inuwa, kina hutawa.

In likita ya tabbatar limfedima ce, ki roƙe shi ya tura ki wurin kine, wato ma'aikacin asibiti mai gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi da tausa. Abin da ke rage kumburin nan matsi ne: a naɗe hannu tun daga yatsu har hammata da bandeji na musamman marar talewa sosai, makonni kaɗan, in ya sauka a auna miki safar hannu mai matsi da za ki riƙa sawa da rana. In ba a samu safar a Maraɗi ba, kine ya rubuta awon a ba mai zuwa Yamai ko Kano. Kada ki ɗaure da roba ko ƙyalle da kanki, ɗaurin da ya shaƙe sama ya bar ƙasa tafin hannu yake cikawa. Akwai kuma wata shafa da za a koya miki, mai taushi kamar ana shafa jariri, ana farawa daga wuya da ƙirji don a buɗe wa ruwa wuri kafin a taɓa hannun. Tausa mai ƙarfi irin ta masu ɗori ba ta wurin nan ba ce.

Kafin ki je, ga abin da ke hannunki. Ki cire zobe da awarwaro da agogo daga hagu, in zoben ya ƙi fita maƙeri ya yanke shi. Ki kwana da hannun kan matasai, ya ɗara ƙirji tsawo. Safe da yamma ki ɗaga shi sama, ki dunƙule ki buɗe, ki lanƙwasa gwiwar hannu, ki juya kafaɗa, kina jan numfashi mai zurfi. Wanka da sabulu mai laushi, ki tsane tsakanin yatsu, ki shafa mai, musamman in hunturu ya shigo fata ta fara tsagewa. Ki kwana cikin sange. Lalle ja ba laifi in fata ba rauni, baƙin nan mai haɗi dai ki bar shi. Allura da awon hawan jini, ki miƙa dama in da hali. Ki ari metir ɗin tela ki auna hannu biyun a wuyan hannu, da tsakiyar dantse, da ƙasan gwiwar hannu, wuri ɗaya kullum, kowace Juma'a da safe, ki rubuta. Bambancin santimita 2 likitoci suna ɗaukarsa da muhimmanci, takardar kuma za ta nuna miki ko ana ci gaba.

Abu ɗaya ne ba ya jiran gobe. In hannun ya ɗau zafi, ya yi sheƙi ko ya canza launi, yana zugi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, kada ki ce palu ce, wato zazzaɓin cizon sauro, ki sha magani ki kwanta. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka ki taɓa da bayan hannun dama ki gwada da ɗayan. Ranar nan za ki asibiti, ko tsakar dare ne, don antibiyotik yake so, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ba a shafa ba a matsi sai likita ya ce. Haka in ya kumbura farat ɗaya da ciwo, ko numfashi ya yi miki wuya.

Ba zan ce miki hannun zai koma kamar ba a taɓa shi ba, kaluluwar da aka cire ba ta sake tsirowa, kulawar kuma ta kullum ce. Amma a matakin da kike, in aka fara matsi da wuri, yakan sauka sosai, ki sa rigarki, ki yi cinikinki. In kin dawo daga wurin likita ki rubuto mini abin da ya ce, da awon Juma'ar farko. Ki gaishe mini da amarya.